In bar PHP in koma Go? Amsa ga mai shirya manhaja a Maraɗi

Wani matashi ya rubuto yana cewa: “Assalamu alaikum, Malam. Ni mazaunin unguwar Zariya ne a Maraɗi, ina da mata da ɗa guda, kuma da shirya manhajar kwamfuta nake ciyar da su. Shekara biyar ke nan da na rubuta wata manhaja da harshen PHP wadda take riƙe lissafin kaya da na bashi, yanzu kuma manyan ƴan kasuwa shida masu sayar da kaya a sari suna biyana kuɗin kulawa duk wata. Wani abokina da ke aiki a Yamai ya zo hutu, ya duba aikina, ya ce PHP ya tsufa, duniya ta koma Go, in ban sake rubuta komai da shi ba za a wuce ni. Ban taɓa rubuta ko layi ɗaya da Go ba. Manhajar tawa ta fara nauyi wajen fitar da lissafin ƙarshen wata, sannan alhazan suna matsa mini in yi musu wadda yaransu za su riƙa aiki da ita a waya cikin mangaza, inda rezo ba ya shiga. Tun da ya tafi hankalina bai kwanta ba. In koma ko in zauna?”

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya yi wa sana'a albarka, ya raya yaron. Na lura cewa abin da ya hana ka barci shi ne maganar abokinka, alhali abin da masu biyanka suke kuka da shi daban ne: su nauyin lissafi ya dame su, kuma suna son aiki a waya inda babu rezo. Babu ɗaya daga cikin alhazan nan shida da ya tambaye ka da wane harshe ka rubuta manhajar, kuma ina da tabbacin babu wanda zai ƙara maka ko dala ɗaya don ka gaya masa ka koma Go. Shawarata ita ce kada ka sake rubuta abin da yake ciyar da kai, amma ka koyi sabon harshe, sai dai buƙatar mangaza ce za ta zaɓa maka shi.

Mu fara da batun tsufa. Gaskiya ne PHP ba yaro ba ne, domin a 1995 Rasmus Lerdorf ya fitar da shi, kuma gaskiya ne an daɗe ana yi masa dariya saboda yadda aka gina shi a farko ba bisa wani tsari guda ba. Amma WordPress, manhajar gina shafukan intanet da aka rubuta da PHP, shi ne ke ɗauke da fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan intanet na duniya, Wikipedia ma a kan PHP take tafiya har yau, sannan harshen kansa ya sauya ƙwarai tun daga PHP 7 da ya fito a ƙarshen 2015 da saurin da ya kusan ninka na wanda ya gada, zuwa PHP 8 da ya biyo baya a Nuwamba 2020. Facebook, da aka fara da PHP a 2004, lokacin da jama'a suka yi masa yawan da harshen ya fara gazawa, bai zubar da abin da ya rubuta ba. Injiniyoyinsa sun gina wa rubutun sabon injin gudu, daga baya a 2014 suka fitar da Hack, harshen da ya tsiro daga jikin PHP ɗin. Wanda ya ce maka harshen nan ya mutu, ka tambaye shi wanne ya gani na ƙarshe, domin sau da yawa PHP ɗin da mutane suke zagi shi ne na shekara goma sha biyar da suka wuce.

Ban faɗi haka don in rage darajar Go ba, kuma ba na zargin abokinka da mugun nufi, mai yiwuwa abin da ya gani a wurin aikinsa ne ya so maka. Go harshe ne mai kyau. A kamfanin Google aka ƙirƙire shi, Robert Griesemer da Rob Pike da Ken Thompson suka tsara shi, aka bayyana shi ga duniya a Nuwamba 2009, cikakken fitowarsa ta farko kuma ta zo a 2012 tare da alƙawarin cewa abin da aka rubuta da shi zai ci gaba da aiki a fitowa ta gaba. Ƙa'idojinsa kaɗan ne, yana kama kurakurai da yawa tun kafin manhaja ta fara gudu saboda kowane bayani yana da tsayayyen nau'insa, lamba ne ko rubutu, yana haɗa maka komai cikin fayil guda da za ka ɗora a kwamfuta ya tashi, kuma gwani ne wajen amsa dubban buƙatu a lokaci ɗaya, shi ya sa aka rubuta Docker da Kubernetes, kayan aikin da ake tafiyar da manhajoji a kan manyan kwamfutoci da su, da shi. Abin tambaya shi ne ko ciwon da aka haɗa wannan magani dominsa shi ne naka. Ka ƙirga mutanen da suke shiga manhajarka a sa'a mafi cunkoso ta ranar kasuwa. In sun kai talatin, na yi mamaki. PHP ko a kan ƙaramar kwamfuta ba ya jin nauyin mutum talatin.

To daga ina nauyin ƙarshen wata yake fitowa? Ban ga rubutunka ba, amma a irin wannan manhaja kusan kullum a rumbun bayanai, wato inda manhajar take adana lissafi a tebura, matsalar take. Shekara biyar ta ciniki ta tara layuka masu ɗimbin yawa a teburin saye da sayarwa, kuma idan ba ka yi wa ginshiƙan kwanan wata da lambar kaya da lambar mai bashi fihirisa ba, wato jerin da yake saukaka nema, MySQL, manhajar da take riƙe rumbun, zai bi layukan nan ɗaya bayan ɗaya duk lokacin da aka nemi lissafi. Abu na biyu da ake yawan samu shi ne mutum ya sa tambayar rumbu a cikin zagaye, wato ya ɗauko jerin kaya dubu biyu, sannan ya koma rumbun sau dubu biyu yana tambayar ragowar kowanne, alhali tambaya guda mai haɗa teburan za ta wadatar. Ka kunna rajistar da MySQL yake rubuta tambayoyi masu jinkiri a cikinta, ka sa umarnin EXPLAIN, mai nuna yadda rumbun yake bin tambaya, a gaban mafi nauyinsu, za ka ga inda lokacin yake tafiya da idonka. In ka kwashi tambayoyin nan yadda suke ka kai su Go, za ka sami manhaja sabuwa mai jiran rumbu daidai yadda tsohuwar take jira. Ka kuma duba wane PHP kake kai, domin an daina yi wa 7.4 gyaran tsaro tun Nuwamba 2022, kuma in a kansa kake ko a ƙasa da shi, hawa zuwa fitowar 8 da ake yi wa gyaran tsaro har yanzu shi ne ƙaurar da ta wajaba a kanka, tunda asirin dukiyar mutane ne a hannunka.

Abin da ya fi sa ni tsayawa a kan kada ka rushe shi ne wani abu da abokinka ba zai gani ba a zama ɗaya. Shi ya ga rubutu mai cike da sharuɗɗa da faci, ya ce ƙazanta ce. Ni kuwa na san cewa kowane faci a irin wannan manhaja rana ce da wani Alhaji ya kira ka ransa a ɓace. Kasuwar Maraɗi ba ta bin lissafin da ke cikin littattafan koyarwa. Kaya yana shigowa a kwali, ya fita a dozin ko rabin dozin ko ɗai-ɗai, kuma farashin ya danganta da wanda ya zo saye. Allo yana nuna faran 500, yaron shago yana cewa dala ɗari, Alhaji kuma da jaka yake magana, don haka akwai inda ka raba da biyar ko ka ninka domin abin da aka buga ya dace da abin da baki ya faɗa. Wani ya ɗauki kaya bashi da naira saboda daga Jibiya ko Katsina ya zo, bayan wata biyu ya dawo zai biya da sefa, sefa tana ɗaure da yuro ba ta motsi, naira kuwa tun da aka sake ta a tsakiyar 2023 ba ta kwana inda ta wuni, sai rigima ta tashi a kan canjin wace rana za a bi, ta ɗaukar kaya ko ta biya. Wani Alhajin ya ce ta ɗauka, wani ya ce ta biya, kai kuma ka rubuta wa kowanne nasa. Akwai kayan da aka dawo da su bayan an rufe lissafin wata, akwai ragin da ake yi wa tsohon abokin ciniki ba tare da an so yaran shago su gani ba, akwai kayan da aka ba dillali ya tafi da su ƙauye ba a san nawa zai sayar ba sai ya dawo.

Babu takarda guda da ka rubuta waɗannan ƙa'idoji a cikinta, na tabbata, kuma rabinsu kai kanka ka manta da su. A cikin tsohon rubutun kaɗai suke zaune. Ranar da ka buɗe fayil fari ka fara daga farko, za ka tuna manyan, ka manta ƙananan, kuma ba za ka san ka manta ba sai ranar da lissafin bashin wani ya fito ba daidai ba a gaban mai shi. A harshen da ka sani za ka gano kuskuren cikin sa'a guda. A harshen da kake koyo ba za ka ma iya rarrabewa ba ko lissafinka ne ya karkace ko harshen ne ba ka fahimta ba. Ɗan kasuwa yana iya haƙuri da allo mai nauyi shekara da shekaru, amma in ya kama manhaja ta yi masa ƙarya a kan bashi sau ɗaya, zai koma ga littafinsa da biro, ya kuma ba maƙwabtansa labari. Wannan shi ne sakin reshe kama ganye.

Manyan kamfanoni ma sun ɗanɗana wannan. A 1998 Netscape, wanda manhajarsa ta shiga intanet ita ce kan gaba a farkon zamanin, ya yanke shawarar ajiye tsohon rubutunsa ya gina sabo, kuma Netscape 6 bai fito ba sai Nuwamba 2000, ba a taɓa fitar da na 5 ba. Ba wannan kaɗai ya kayar da shi ba, domin a lokacin Microsoft yana raba tasa manhajar shiga intanet, Internet Explorer, kyauta a cikin Windows, amma shekarun da ya yi ba shi da sabon abin nunawa sun taimaka wa abokin hamayyarsa ƙwarai. Su suna da ɗaruruwan ma'aikata da kuɗin jira. Kai mutum ɗaya ne, kuma duk watannin da za ka yi kana sake ginin, dole ka ci gaba da kula da tsohuwar manhajar, ka zama mai aiki biyu da kuɗin aiki ɗaya.

Akwai ƙananan kuɗaɗen ƙaura da ba a cika lissafa su ba. Masu ba da hayar masauki a intanet mai araha kusan dukansu da PHP da MySQL suke zuwa a shirye, Go kuwa yawanci sai ka kama hayar uwar garke taka ta kanka, wato kwamfutar da manhajar take zaune a kanta a intanet, ka zama kai ne mai tsaronta da sabunta ta da ajiyar bayananta. Littafin jagorar PHP yana da fassarar Faransanci a hukumance, na Go kuwa da Ingilishi yake, kuma in Ingilishinka na lallaɓawa ne, karatun zai ninka maka tsawo. Sannan ka zauna ka ƙirga, cikin mutanen da ka sani a garin nan, har da ɗaliban da suke fitowa daga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, nawa ne za su iya riƙe maka aikin mako biyu in ka kwanta rashin lafiya ko ka yi tafiya, in da PHP yake, nawa ne kuma in da Go yake. Amsar da ka samu tana da nauyi a wannan hukunci.

Duk da haka ba cewa nake ka naɗe hannu ba. Mai harshe ɗaya a wannan sana'a yana cikin haɗari, kuma buƙatar alhazan nan ta gaske ce wadda PHP ba zai biya ta ba, domin shi a uwar garke yake gudu, yaron da ke cikin mangaza kuwa ba ya isa gare ta. Sai dai Go ma a can gefen uwar garken ya fi ƙarfi, ba shi ne aka saba rubuta manhajar waya da shi ba. Kafin ka tafi nesa, ka tuna cewa ka riga ka san JavaScript, harshen da yake gudu a cikin shafin intanet, ko da kaɗan ne, kuma da shi ana iya sa shafi ya zauna a cikin waya ya buɗe ba tare da rezo ba, ya adana abin da aka shigar har zuwa lokacin da aka fito fili. Ga ƙirga kaya kawai wannan yana iya isa. Amma in suna son wayar ta karanta lambar jikin kwali da kyamara, ta kuma buga rasiɗi a ƙaramar na'urar bugawa ta Bluetooth, manhajar da aka gina wa Android kai tsaye ta fi tabbas. A nan zaɓi biyu ne a gabanka: Kotlin, wanda Google ya karɓa a matsayin harshen Android a 2017 ya kuma fifita shi a 2019, ko harshen Dart tare da kayan gininsa Flutter, wanda cikakkiyar fitowarsa ta farko ta zo a Disamba 2018 kuma yake ba ka damar rubutu sau ɗaya don Android da iPhone. Ni Kotlin zan zaɓa maka. Wayoyin yaran shago Android ne, irin su Tecno da Itel masu ƙaramin wuri, Alhajin da ke riƙe da iPhone kuwa rahoto kawai yake dubawa, kuma shafinka na yanzu ya ishe shi. Ƙari a kan haka, Kotlin zai koya maka ainihin abin da abokinka yake yabo a Go, wato bayyana nau'in kowane bayani da barin na'ura ta kama maka kuskure tun kafin ya isa hannun mutane.

Ina so ka san tun yanzu cewa wahalar aikin nan ba a harshen take ba. Ka ɗauka kwali goma na madara suka rage, yaro ɗaya a mangaza ya fitar da bakwai, wani a shago ya sayar da biyar, dukansu babu rezo, kowace waya tana ganin goma. Da yamma suka haɗu da uwar garke. In abin da kowace waya take aikawa shi ne ragowar kaya, ɗaya za ta ce uku, ɗaya ta ce biyar, wadda ta zo ƙarshe ta shafe ta farko, kuma duka biyun ƙarya ne. Mafita ita ce waya ta riƙa aika abin da ya faru, wato an fitar da bakwai a lokaci kaza ta hannun wane, uwar garke ita ce za ta yi jimilla, in ta ga an sayar da sha biyu daga cikin goma sai ta ɗaga wa Alhaji alama ya bincika. Kowane motsi kuma ka ba shi lamba ta musamman da wayar za ta ƙirƙira da kanta, domin rezo yana yankewa a tsakiyar aikawa, wayar ta sake turawa, kuma in babu wannan lamba za a rubuta ciniki ɗaya sau biyu. SQLite, ƙaramin rumbun bayanai da yake zuwa a cikin kowace wayar Android, shi zai riƙe motsin har a samu hanya. Ɓangaren da zai karɓa a uwar garke kuwa da PHP ɗinka za ka rubuta shi, a jikin manhajar da take nan, inda duk ƙa'idojin dala da naira suke.

Ka duba kwamfutarka kafin ka fara, domin Android Studio, manhajar da ake gina manhajojin Android a cikinta, yana son ƙwaƙwalwar aiki ta gigabait 8 ko fiye, saukar da shi da kayan haɗinsa kuma yana cin data sosai, saboda haka ka nemi inda intanet yake da ƙarfi ka sauke komai a zama ɗaya. Kada ka wahalar da na'urar da wayar kwaikwayo ta cikin allo. Ka jona wayar gaske da igiya, mafi arhar da yaran suke riƙewa, ka riƙa gwaji a kanta. Manhajojin nan masu ƙirƙirarriyar basira da suke rubuta wa mutum umarni za su taimaka maka wajen fahimtar saƙon kuskure da ganin misali, amma kada ka ɗora abin da suka rubuta a kan lissafin dukiyar wani matuƙar ba za ka iya bayyana kowane layi da bakinka ba.

Wajen gwaji, ka zaɓi Alhaji ɗaya, wanda ya fi haƙuri kuma ya fi yarda da kai, ka gaya masa gaskiya cewa sabon abu ne kake koyo. Ka fara da aiki ɗaya tak, ƙirgar kayan mangaza, wadda in ta yi kuskure ba ta taɓa bashin kowa, kuma yaran su ci gaba da rubutawa a littafi a gefe har sai lissafin biyu ya yi ta dacewa makonni a jere. Sayarwa da karɓar kuɗi su zo daga baya. Kada ka saki sabon abu ana gab da azumi ko cikin hada-hadar Sallah, lokacin da shago ba ya da minti ɗaya na jiran gyara. Kuma ka yanka wa aikin farashinsa daban tun farko, ko da rabi ne a biya kafin a fara, domin su suka nema, kuma abin da aka karɓa kyauta a wannan karo za a ɗauka cikin kuɗin wata yake har abada. Ta haka koyon zai riƙa biyan kansa, ba daga tukunyar gidanka zai riƙa ci ba.

Saura batun tsoron a wuce ka, wanda ban raina shi ba. In burinka nan gaba shi ne ka sami aiki da kamfanin waje ko na Yamai, to sanin Go yana iya buɗe maka ƙofa, kuma bayan Kotlin zai zo maka da sauƙi ƙwarai, tunda harshe na uku ba ya wahala kamar na biyu. Ka koye shi a kan abin da in ya lalace ba wanda zai yi asara, misali ƙaramar manhaja mai kwafe rumbun bayananka kowane dare ta ajiye a wani wuri, wadda dama kana buƙatarta. In wata rana ka auna ka ga wani sashe guda na aikinka ya fi ƙarfin PHP da gaske, ka ciro wannan sashe kaɗai ka rubuta shi da Go, sauran su zauna yadda suke. Shi kuma abokin naka, ka kira shi ka gode masa, sannan ka roƙe shi ya nuna maka tambayar rumbu ɗaya ko shafi ɗaya a manhajarka da yake ganin Go zai gyara, ku auna lokacin tare kafin da bayan ka sa fihirisa. In ya yarda, ka aiko mini da alƙaluman da kuka samu da kuma lambar PHP ɗin da kake kai.